Hornykiewicz da dofamin: wa ya gano musabbabin cutar Parkinson, kuma yaya aka auna?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ɗalibai da yawa a zauren nan suna ganin mai karatun bayokemistiri ba shi da ta cewa a cututtukan ƙwaƙwalwa, wai fagen likitocin jijiyoyi ne kaɗai. Ina so mu dubi aikin Oleh Hornykiewicz. An haife shi a 1926 kusa da Lviv, iyayensa suka koma Vienna a 1940, ya gama karatun likita a 1951, amma bai zauna duba marasa lafiya ba, sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na sashen ilimin magunguna. Daga 1956 zuwa 1958 yana Oxford wajen Hermann Blaschko. A lokacin kusan kowa ya ɗauka sinadarin dofamin zango ne kawai a kan hanyar haɗa noradirenalin, wani sinadarin da jijiyoyi ke isar da saƙo da shi, ba shi da wani aiki na kansa. Blaschko bai gamsu da haka ba, ya sa shi ya gwada a jinin dabba, aka ga dofamin yana saukar da bugun jini a inda noradirenalin ke ɗaga shi. Ke nan yana da nasa aikin.

Da Hornykiewicz ya koma Vienna sai rahoton Bertler da Rosengren na 1959 ya fito daga Suwidin, cewa yawancin dofamin na ƙwaƙwalwar kare yana tattare a kaudet da putamen, wato curin da ke can ciki mai kula da motsi. Shi kuwa bai tsaya kan dabba ba, ya nufi ɗakin ajiye gawa. Shi da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalen mutane, a ciki akwai shida na masu Parkinson, cutar nan mai kawo karkarwa da sandarewar jiki, suka buga a 1960. Matsayata ita ce wannan awo shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, kuma hana shi kyautar Nobel a 2000 kuskure ne.

Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam, da wace na'ura suka auna a 1959? Na san HPLC, na'urar da ake rarrabe sinadarai a auna su da ita yanzu, ba ta zo ba tukuna. Kuma ƙwaƙwalwa shida ba su yi kaɗan a kafa hujja da su ba?

Malam Habu:
Nasiru, ko na'urar awon ƙyallin sinadari da 'yan Suwidin ke amfani da ita ba su da ita. Hanyar launi ta von Euler da Hamberg suka bi. Ana niƙa naman a cikin asid, a tace, a ware sinadaran, sannan a zuba aidin. Dofamin idan ya haɗu da aidin yakan rikiɗe ya ba da launin hoda, ƙarfin launin shi ne yawan sinadarin. Hanya ce mai rauni, ba ta ganin ɗan kaɗan. Sai dai putamen na mai lafiya yana ɗauke da wajen maikurogiram 3.5 a kowane giram, wanda ya isa a gani da ido. Kwalbar mai lafiya ta yi hoda, ta mai Parkinson kuwa da ƙyar ta sauya. Tun kafin a sa a na'ura an riga an ga amsa.

Batun shida kuma, ya danganta da girman bambancin. Huɗu daga cikinsu cutar ta biyo bayan annobar kumburin ƙwaƙwalwar nan ce da von Economo ya bayyana a Vienna a 1917, kuma abin da ya rage musu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran biyun, masu Parkinson da aka saba gani, ragin nasu bai kai haka ba amma a fili yake. Abin da ya ƙarfafa hujjar shi ne sun haɗa da masu cutar Huntington, wadda ita ma tana cin wannan yankin, aka tarar dofamin ɗinsu na nan. Ashe ba kowace lalacewar yankin ce ke zubar da shi ba.

Farfesa Ɗanjuma:
Malam Habu, ban yarda a ce ginshiƙi ɗaya ne ba. A 1957 Arvid Carlsson ya ba zomaye resafin, maganin da ke kwashe waɗannan sinadarai daga jijiyoyi, suka kwanta ba motsi, ya yi musu allurar DOPA, sinadarin da jiki ke mayarwa dofamin, suka miƙe cikin mintuna. A 1958 ya nuna dofamin ne ya dawo, ba noradirenalin ba. Bertler da Rosengren ɗalibansa ne. A 1959 Carlsson ya faɗi a rubuce cewa mai yiwuwa abin yana da alaƙa da Parkinson. Kafin shi ma Kathleen Montagu ta gano dofamin a ƙwaƙwalwa a asibitin Runwell da ke wajen Landan a 1957, kuma ita ce aka fi mantawa. A Osaka, Isamu Sano ya auna ƙwaƙwalwar mai Parkinson guda ɗaya a 1960, ya ga ragin, amma ya buga da Japananci. Kwamitin Nobel a 2000 ya ɗauki jigon yadda jijiyoyi ke isar da saƙo, ya ba Carlsson da Greengard da Kandel, kuma ƙa'ida ba ta wuce mutum uku. A kan wannan jigon zaɓin ya yi daidai.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe, ban rage wa Carlsson komai ba. Amma zomon da aka ba resafin ba shi da Parkinson. Resafin yana kwashe dofamin da noradirenalin da serotonin gaba ɗaya, jijiyoyin kuma suna nan da ransu, bayan kwanaki su cika. A Parkinson jijiyoyin ne ke mutuwa. Tsakanin "mai yiwuwa" da "ga shi na auna a mutum" akwai tazara, kuma sanarwar kwamitin da kanta ta jingina kyautar Carlsson da maganin Parkinson. Shi ya sa masana sama da 200 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi. Masu kyautar Wolf sun haɗa Carlsson da Hornykiewicz a 1979, tare da Roger Sperry.

Hajiya Binta:
Kafin ku yi nisa da batun kyauta, tambayar Nasiru tana da sauran rina a kaba. Babban abin da aka soki aikin da shi a lokacin shi ne: yaya za a yarda da awon sinadari mai saurin lalacewa a naman da ya yi sa'o'i da mutuwa? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma har yau ita ke rusa ayyukan ɗalibai.

Dofamin yana lalacewa da iska, da zafi, da haske, da ruwan da ba asid ba. Ƙwaƙwalwar mutum kuma tana da girma, wajen kilo 1.3, tana cikin ƙoƙo, ko an sa gawa a firij tsakiyarta takan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta huce, enzayim, wato sunadaran da ke sarrafa sinadarai a jiki, na ta aiki. Mafita ba a ce babu asara ba ce. Mafita ita ce a daidaita: kowane mai cuta a haɗa shi da mai lafiya da suka yi kusa a shekaru da kuma tsawon lokacin da ya wuce tsakanin mutuwa da daskarewa. In asarar jira ta shafi ɓangarorin biyu daidai, ragin kashi 90 ba zai fito daga gare ta ba.

Ga yadda ake yi yanzu. Ana raba ƙwaƙwalwa biyu, rabi ya shiga fomalin domin madubin likita, rabi a yanka shi fale-fale a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifiri. Wanda ya shiga fomalin ya fita daga batun awon dofamin har abada. Ana yankan yankin da ake so yana daskare, a kan faranti mai sanyi, kada a bari ya narke. A auna nauyi, a zuba asid na fakulorik mai ƙarfin mola 0.1, ninki goma na nauyin naman, da ɗan EDTA domin ya kama ƙarfe da tagulla, da metabaisalfait domin ya tare iska. Tun kafin niƙa ake zuba sinadarin shaida, galibi DHBA, wanda ba ya cikin nama, domin duk abin da ya ɓace a hanya a gane shi a lissafi. Wanda ya zuba shi bayan niƙa ya ɓata amfaninsa. A niƙa a cikin ƙanƙara, a juya a injin tacewa a digiri 4 na minti 15 zuwa 20, a tace ruwan sama da matacin 0.22, sannan HPLC mai awo da lantarki, a wajen bolt 0.7.

Inda aka fi faɗuwa uku ne: narkewa da sake daskarewa idan wuta ta ɗauke, barin ruwan samfuri a kan tebur har ya fara duhu, da yankan da ba daidai ba. Na ukun ya fi muni domin ba ya nuna kansa. Idan farin nama ya biyo wuƙa, nauyi ya ƙaru, dofamin bai ƙaru ba, sai lissafi ya nuna ragin da babu shi.

Nasiru:
Hajiya, to yadda mutum ya mutu yana da tasiri? Misali wanda ya daɗe a sume da wanda ya faɗi nan take.

Hajiya Binta:
Sosai, kuma a wasu abubuwan ya fi tsawon jira tasiri. Wanda ya yi kwanaki yana fama da ƙarancin iska kafin rai ya fita, naman ƙwaƙwalwarsa yakan tara asid na laktik. Shi ya sa ake auna pH, wato ma'aunin tsami, na naman, in ya yi ƙasa da 6 a yi hattara. Enzayim ɗin da ke haɗa GABA, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, yana faɗuwa ƙwarai a irin wannan hali, RNA ma haka. Masu Parkinson da yawa ciwon huhu ke ajalinsu bayan doguwar jinya, waɗanda ake kwatanta su da su kuwa sau da yawa bugun zuciya ne na farat ɗaya. In ba a lura ba sai a auna bambancin mutuwa a kira shi bambancin cuta. Dole kuma a san magungunan da mutum ya sha a makonninsa na ƙarshe.

Dakta Rabi:
Bari in shigo ta ɓangaren magani, domin a nan ne nake ganin Malam Habu da Farfesa duka sun tsallake mutum ɗaya. Gaskiya ne Hornykiewicz ne ya matsa wa Walther Birkmayer, likitan gidan tsofaffi na Lainz, ya ba shi L-DOPA ɗin da yake da shi, aka fara allura ta jijiya a Yulin 1961, miligiram 50 zuwa 150, ga marasa lafiya 20. Waɗanda ba sa iya tashi daga kwance suka tashi, waɗanda muryarsu ta shige suka yi magana a ji. Amma abin sa'o'i ne yake yi ya wuce, ga amai, ga jiri. Wasu da suka maimaita da ƙananan allurai ba su ga komai ba, har zuwa tsakiyar shekarun 1960 likitoci da yawa sun ɗauka zumuɗi ne kawai.

Wanda ya mai da shi magani George Cotzias ne a Amurka, a 1967. Ta baki ya bayar, ya fara da kaɗan yana ƙarawa a hankali cikin makonni har jiki ya saba da tashin zuciyar, ya kai giram da yawa a rana, har 16 na gaurayen D da L, wato siffofin DOPA guda biyu. Gaurayen ya rage wa wasu fararen ƙwayoyin jini, sai aka koma L zalla. Amurka ta amince da shi a 1970.

Dalilin buƙatar giram da yawa bayokemistiri ne tsantsa. Dofamin ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, L-DOPA yana ƙetarewa domin amino asid ne, yana da motar da ke ɗaukarsa. Amma enzayim ɗin da ke mai da shi dofamin yana cike a hanji da hanta da ƙoda, saboda haka wajen kashi 1 cikin 100 ne ke isa inda ake so. Sauran ya zama dofamin a jini, shi ke kawo amai da faɗuwar bugun jini. Da aka haɗa shi da kabidofa ko bensarazayid, waɗanda ke toshe enzayim ɗin a jiki amma ba sa shiga ƙwaƙwalwa, adadin da ake buƙata ya ragu da kusan kashi 75. Magungunan Sinemet da Madopar ke nan.

Farfesa Ɗanjuma:
Dakta, kin ƙarfafa maganata. Mutum huɗu ko biyar ne kowa ya kawo nasa. Sai dai zan ba Malam Habu abu ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne: abin da Hornykiewicz ya yi bayan 1961 ya fi nuna irin masanin da yake. A 1963 ya auna substantia nigra, baƙin yankin nan da Tretiakoff ya nuna tun 1919 cewa yana kodewa a Parkinson, ya ga dofamin ya ragu a can ma, ya ce lallai jijiyoyin da ke nigra su ne ke miƙa rassa zuwa putamen. Manyan masu nazarin sassan ƙwaƙwalwa sun ƙi, domin rinin da suke amfani da shi ba ya nuna waɗannan siraran rassa. Sai da hanyar ƙyalli ta Falck da Hillarp ta zo, 'yan Suwidin suka gan su a ɓera a 1964, Poirier da Sourkes suka tabbatar a biri a 1965. Mai awon sinadari ya riga mai madubi ganin hanya.

Rahoton 1973 da ya yi da Bernheimer da Birkmayer da Jellinger da Seitelberger shi ya kafa cewa alamu ba sa bayyana sai dofamin ya ragu da kusan kashi 80. Ya kuma lura HVA, ragowar da dofamin ke bari in an yi amfani da shi, bai faɗi kamar yadda dofamin ya faɗi ba. Ma'ana jijiyoyin da suka rage suna ninka aiki su rufe giɓin. Daga nan aka fahimci cewa ranar da hannu ya fara karkarwa, cutar ta yi shekaru tana ci.

Malam Habu:
Na gode, ranka ya daɗe. In ƙara da na 1988, lokacin yana aiki tsakanin Vienna da Toronto, inda ya koma a ƙarshen shekarun 1960 ya yi wajen shekara goma. Shi da Kish da Shannak suka yanka kaudet da putamen gunduwa-gunduwa daga gaba zuwa baya, suka auna kowace. Bayan putamen kusan babu saura, kaudet kuwa da dama-dama. Masu dashen ƙwayoyin halitta a lokacin wasunsu kaudet suke nufa domin ya fi sauƙin isa, wannan awo ya nuna musu inda giɓin yake.

Ga ɗalibai, akwai abin lura a tafiyar aikinsa. Rahotannin 1960 da 1961 da Jamusanci suka fito, Amurka da Ingila ba su kula sosai ba sai da ya rubuta dogon sharhi da Turanci a 1966. Na biyu, bai taɓa zama shi kaɗai ba: yana da likita mai bin marasa lafiya da rai yana rubuta alamunsu, yana da mai duba nama a madubi ya tabbatar cutar ce, shi kuma yana awo. Ƙwaƙwalwar da ba ta da tarihin jinya a rubuce kusan ba ta da amfani.

Dakta Ilu:
Ina bin ku, amma ina tsoron ɗalibai su fita da zaton cewa kowace cutar ƙwaƙwalwa haka take: nemo abin da ya ragu, mayar da shi. Parkinson ta yi sauƙin kai ne domin rukunin jijiyoyi ɗaya ne ya fi mutuwa, kuma waɗanda ke karɓar saƙon suna nan. A cutar mantuwa ta Alzheimer an gano ragin asetilkolin, wani sinadarin isar da saƙo, a 1976, aka bi wannan sawu, magungunan da suka fito taimakonsu kaɗan ne.

A raunin kai da shanyewar ɓarin jiki abin ya fi tsanani. An san sarƙar sosai: jini ya yanke, ATP, makamashin ƙwayar halitta, ya ƙare cikin mintuna, famfon sodiyam da fotasiyam ya tsaya, gulutamet, sinadarin da ke zaburar da jijiyoyi, ya malalo, ƙofofin NMDA da ke karɓarsa suka buɗe, kalsiyam ya cika ƙwayar halitta, mitokondiriya, wadda ke samar da makamashin, ta lalace. John Olney ya nuna gubar gulutamet tun 1969. A ɓera, masu toshe NMDA sun rage ɓarna ƙwarai. A mutum duk sun faɗi. Ɓeran matashi ne, lafiyayye, an san mintin da aka toshe masa jijiya, wani lokaci ma kafin rauni ake ba shi maganin. Mutum kuwa yana zuwa bayan sa'o'i, da hawan jini da suga. Wasu magungunan ma sanyaya jikin ɓeran suke yi, sanyin ne ke kare shi, masu gwajin ba su auna zafin ƙwaƙwalwa ba. Gwajin CRASH na 2004, mutum sama da 10,000, ya nuna sitiroyid da aka shekara ana ba masu raunin kai yana ƙara mutuwa, kashi 21 a kan 18. Furojestaron ma ya faɗi a manyan gwaje-gwaje biyu a 2014.

Dakta Rabi:
Dakta Ilu, ko a Parkinson ɗin L-DOPA bai hana jijiya ko ɗaya mutuwa ba. Rabin maganin yana barin jini cikin kamar minti 90. Da farko jijiyoyin da suka rage suna ajiye dofamin su sake shi a hankali, shi ya sa sau uku a rana ke isa. Idan suka ƙare, motsin mutum ya koma bin hawa da saukar maganin a jini, ga kuma murɗe-murɗen jiki lokacin da ya kai ƙololuwa. An daɗe ana cewa maganin ne ke jawo haka, a jinkirta shi. Binciken da Roberto Cilia da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya kwatanta marasa lafiya a Ghana, waɗanda suka yi shekaru ba su sami maganin ba, da na Italiya. Matsalolin sun bayyana a kusan shekarun cuta iri ɗaya. Tsawon cutar da yawan abin da ake sha ne ke kawo su, ba ranar da aka fara ba. Jinkirtawa hana mutum shekarunsa masu kyau ne kawai.

Nasiru:
Malamai, to wanda yake Najeriya ko Nijar ta ina zai shiga wannan fage? Samun ƙwaƙwalwa a wurinmu da wuya, ana gaggauta jana'iza, iyalai ba sa yarda a taɓa gawa.

Hajiya Binta:
Haka ne, kuma ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne. An kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa a Ibadan, amma irin wannan aiki sai da yardar iyali tun mutum na da rai, da shigar malaman addini, da firiza mai wutar da ba ta yankewa. Wanda ba shi da tabbacin wuta kada ya karɓi naman mutum, amana ce. Jini da DNA sun fi sauƙin riƙewa. A 2023 aikin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a mutanen da asalinsu Afirka ne, wanda binciken Turawa bai gani ba. GBA1 enzayim yake haɗawa, kuma ana iya auna ƙarfin aikinsa a jini. Wannan aikin ɗan bayokemistiri ne.

Farfesa Ɗanjuma:
Akwai kuma karara. 'Ya'yanta suna ɗauke da L-DOPA kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyinsu. An nuna suya tana barin sinadarin, tafasawa a ruwa tana zubar da mafi yawansa. Amma adadin yana bambanta daga iri zuwa iri, babu kabidofa a ciki, saboda haka sai an ninka abin da ake sha sau uku ko fiye, kuma a gwajin makonni 16 rabin marasa lafiyan sun daina, wasu saboda ciki, wasu saboda jikin ya ƙara tsanani. A Mozambik an taɓa samun mutane da yawa da hankalinsu ya gushe bayan sun ci ta lokacin yunwa. Ɗalibin da zai tara iri daga kasuwanni daban-daban ya auna kowanne da HPLC ya yi aiki mai amfani. L-DOPA da yawa haka ko da hasken UV a 280 ana ganinsa, ba sai na'urar lantarki ba.

Dakta Rabi:
Farfesa, da sharaɗi: awo a ɗakin gwaji daban, ba marar lafiya daban. Kada wanda ya karanta wannan ya soya karara ya ba tsohonsa, musamman mai shan maganin hawan jini ko na taɓin hankali. Ga masu shan ƙwayar asibiti kuma, abin da ya fi yawan ɓata aikinta abinci ne. Nama da wake da madara suna sakin amino asid da ke rububin mota ɗaya da L-DOPA a hanji da kuma ƙofar ƙwaƙwalwa. A sha minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe yana kama shi a hanji, a raba su da awa biyu. In amai ya dame shi kada a ba shi metokulofiramayid, yana toshe dofamin a ƙwaƙwalwa ya ƙara sandarewa. Kuma kada a yanke maganin farat ɗaya ko da an kwantar da mutum domin tiyata, yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar da ke kisa.

Nasiru:
Hajiya, in samfurin karara ne, shi ma fakulorik ɗin zan yi amfani da shi?

Hajiya Binta:
Ba dole ba. Asid na haidurokulorik mai mola 0.1 ya isa. Ka cire ɓawon, ka niƙa ya yi laushi, ka auna miligiram 100 a mililita 100, ka girgiza minti 20, ka tace. Kwalba mai duhu, kuma ka auna a ranar. Kowane iri ka yi shi sau uku, ka busar da wani kaso daban domin ka san ruwan da ke ciki, in ba haka ba irin da ya sha damina zai fito kamar ya fi rauni. Ruwan gwajinka na L-DOPA zalla in ya fara komawa ruwan ƙasa, zubar ka haɗa sabo.